Bidiyo ba ya amsa tambaya, a haɗa masu jinya da nas

Assalamu alaikum Malam Edita,

Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Na daɗe ina bin shafinku na lafiya, kuma kusan duk sati sai naga ana maganar ƙarancin likitoci ko tsadar magani ko rashin kayan aiki, duk gaskiya ne ban musa ba. Amma akwai wani gefe da har yau banga an tsaya a kansa ba, wato mu kanmu da muke ɗaukar marasa lafiya mu kai asibiti, shin mun ma san kulawa mai kyau in mun ganta? Ni dai shekara shida kenan ina jinyar mahaifiyata, hawan jini da ciwon suga, ni ce mai riƙe kati, ni ce mai bin layi, ni ce mai karɓo magani, amma sai bara na gane cewa duk shekarun nan ido kawai nake zubawa bansan abin da nake kallo ba.

A da in ka tambaye ni wane asibiti ne mai kyau, zan ce maka wanda tayil ɗinsa ke sheƙi, akwai esi a ɗakin jira, likita ya yi mana murmushi ya tambayi Umma ya jiki, sannan ya cika takarda da magani, in da allura ko ƙarin ruwa ma to shikenan an gama mana komai. Ranar da wani likita ya duba ta ya ce babu buƙatar ƙarin magani, a ci gaba da na da kawai, wallahi da fushi na fito, har nake ce wa ƙanena wannan bai san aikinsa ba, mun ɓata yini a banza. Yanzu in na tuna kunya nake ji, don ƙila a duk waɗanda muka gani shi ne ya fi yi mana adalci.

Abin da ya farkar da ni jiri ne. Umma ta fara cewa in ta miƙe tsaye sai taga ɗakin yana juyawa, ƙafafunta suka kumbura daga idon sawu har takalmi ya daina shiga, rannan da asuba ta yanke jiki ta faɗi a bakin banɗaki, Allah ya kiyaye bata karye ba sai dai goshi da ya fashe. Muka koma asibiti aka duba aka ce girma ne, a riƙa tashi a hankali. Na yarda, to me zan ce? Daidai lokacin ne wata abokiyar aikina ta turo mini linki wai akwai wani aji na onlayin da ake yi wa masu jinya, na sati shida, ana koyar da yadda mutum zai gane ko kulawar da ake ba majinyacinsa tana kan hanya, kuma akwai nas da take amsa tambaya. Gaskiya da ƙyar na shiga, don wayata cike take da irin waɗannan abubuwan da na sauke ban taɓa buɗewa ba.

Tsarin ba wani abu mai wuya bane. Duk sati ana turo gajerun bidiyo biyu ko uku, kowanne bai wuce minti biyar ba, da saƙon murya na darasin ga wanda data bata ishe shi ba, sai 'yan tambayoyi da zaka amsa, sannan ran Asabar da yamma nas ɗin ta zauna awa ɗaya ana mata tambaya kai tsaye. Sista muke ce mata. In abu na sirri ne sai ka tura mata ita kaɗai, ta ce a bata kwana ɗaya zuwa biyu zata amsa, ta kuma ja kunnenmu tun ranar farko cewa ita ba ɗakin ba da agajin gaggawa bace, wanda majinyacinsa ya kasa numfashi ko bakinsa ya karkace ko ƙirji ya riƙe shi kar ya tsaya rubuta mata saƙo, ya nufi asibiti.

A sati na biyu darasin magani aka yi. Bidiyon ya ce kowane magani yana da suna biyu, sunan da kamfani ya raɗa masa wanda ake rubutawa ɓaro-ɓaro a gaban kwali, da ainihin sunan sinadarin wanda galibi ƙananan haruffa ne a ƙasa. Na kalla na ce toh na ji, na wuce. Sai Sista ta ce kowa ya kwaso duk magungunan da majinyacinsa yake sha, har wanda aka saya ba da takardar likita ba, ya jera su a kan tebur ya ɗauki hoto gaba da baya ya turo mata. Na jera kwali bakwai na tura. Bayan kamar awa uku ta kira ni, ba saƙo ba, kira. Tace Hajiya duba farin kwalin nan mai ratsin shuɗi, karanta mini ƙaramin rubutun. Nace amlodipine. Tace to ɗauko ɗan koren. Na ɗauko, na kai shi kusa da fitila, amlodipine. Malam Edita jikina sai da ya yi sanyi. Maganin hawan jini ɗaya ne, kamfani biyu, likita biyu a wuri biyu kowa ya rubuta nasa ba wanda ya tambayi me take sha, ni kuma da hannuna nake ɓallo mata su duk safiya kusan wata huɗu, ninki biyu na abin da ya kamata. Kuma kumburin ƙafa da jiri suna cikin sanannun illolin maganin nan, a takardar cikin kwalin ma an rubuta, wadda nake yarwa tun kafin in bar wurin karɓar magani.

Abin da ya burge ni da ita, bata ce mini daina wannan ci gaba da wancan ba. Cewa ta yi wannan hukuncin na likita ne, amma kar a kwana biyu, ki kwashi kwalayen duka a jaka ki kai masa yau ko gobe da safe, ki ajiye su a gabansa ki ce likita ga abin da take sha gaba ɗaya, naga kamar waɗannan biyun iri ɗaya ne ko na yi kuskure? Haka na yi, kalma bayan kalma. Likitan ya duba ya yi shiru, ya soke ɗaya, cikin sati biyu kumburin ya fara saɓewa. To ka gani, bayanin yana cikin bidiyon, na kalla, na ma ci tambayoyin da aka yi a kai, amma ban haɗa shi da teburin ɗakinmu ba sai da mutum ya ce ɗauko ki karanta mini.

Haka aka yi da awon jini. Shekara shida ana ɗaura wa Umma abin awo ban taɓa sanin yana da ƙa'ida ba. Ashe sai mutum ya zauna ya huta kamar minti biyar, bayansa a jingine, ƙafa a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a ɗore daidai saitin zuciya, ba a kan hannun riga mai kauri ba, ba ana hira ba, kuma maɗaurin ya zama daidai da kaurin damtse, don in ya yi ƙanƙanta lambar sai ta haura fiye da gaskiya. Umma mace ce mai jiki. Sau nawa muna hawo bene tana haki a ɗaura mata ƙaramin maɗauri ana tambayarta ya jikoki, a rubuta lamba, a kan wannan lambar kuma a ƙara magani? Tunda 140 bisa 90 ne iyakar da aka fi amfani da ita wajen cewa jini ya hau, kaga kuskuren 10 kaɗai ya isa ya tsallakar da mutum daga wannan gefe zuwa wancan.

Daga nan ne aka kawo mu kan ita kanta kalmar inganci, kuma nan ne na ji sunan wani likita Avedis Donabedian, haifaffen Beirut da ya yi koyarwa a jami'ar Michigan ta Amurka, wanda a 1966 ya ce in zaka auna kulawar asibiti to ka duba abu uku, me suke da shi, me suke yi, me ya fito a ƙarshe. Gini da injina da yawan ma'aikata duk suna cikin na farko, kuma shi kaɗai ne mu muke gani da ido shi yasa muke ruɗuwa, wani wurin kyan ɗan maciji ne. Na biyun shi ne inda mai jinya zai iya sa ido in an koya masa. Ga mai ciwon suga misali, ana yi masa gwajin nan da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, ko kullum na tsinken yatsa ne kawai? An taɓa cewa ya cire takalmi a duba tafin ƙafarsa da wani siririn zare mai tauri don a ji ko jijiyoyin sun fara mutuwa? An tura shi duba ƙwayar ido sau ɗaya a shekara? An gwada fitsari saboda ƙoda? Na zauna na lissafa, a shekara shida ba a taɓa cewa Umma ta cire takalmi ba, ko sau ɗaya. Kuma yawancin abubuwan nan ba injin miliyoyi suke buƙata ba. Ko a tiyata ma, takardar tambayoyi 19 ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008, a tabbatar da sunan majinyaci, a tabbatar wane gefe za a yanka, a ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke, da aka gwada ta a asibitoci takwas a ƙasashe daban-daban mace-mace bayan tiyata suka sauko daga 1.5 cikin 100 zuwa 0.8. Takarda da biro fa.

Kar wani ya ce matsalar ta talakawan ƙasashe ce kawai. A 1999 wata babbar cibiyar masana likitanci ta Amurka ta fitar da rahoton da ya girgiza su, cewa tsakanin mutum 44,000 zuwa 98,000 ke mutuwa duk shekara a asibitocinsu saboda kuskuren da za a iya kauce masa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa kusan majinyaci 1 cikin 10 yana cutuwa a yayin da ake kula da shi. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2018 da wani kwamiti na mujallar likitanci ta Lancet ya fitar a kan ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, suka ce mutum miliyan 8.6 ke mutuwa a shekara da cututtukan da asibiti zai iya magancewa, daga ciki miliyan 3.6 ne basu je asibiti ba, sauran miliyan 5 sun je, an karɓe su, kulawar ce bata da kyau. Wato waɗanda suka je sun fi waɗanda suka zauna a gida yawa. Shekara da shekaru ana mana wa'azin ku je asibiti ku je asibiti, madalla mun je, to in mun je fa me zamu duba? Wannan rabin karatun ba wanda ya biya mana.

Darasin da na fi amfana da shi kuwa shi ne mafi sauƙi. Tambaya uku kafin ka tashi daga gaban likita: mene ne ainihin matsalata, me ake so in yi, kuma me yasa yin hakan yake da muhimmanci. Sannan kafin ka fita ka maimaita masa da bakinka abin da ka fahimta, likita bari in faɗa ka ji ko na gane, wannan safe da dare bayan cin abinci, wancan da dare kaɗai, mu dawo bayan sati huɗu, haka ne? Masu bincike sun daɗe da nuna cewa mutane suna manta kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na abin da likita ya gaya musu nan take, kuma cikin ɗan abin da suka riƙe ma kusan rabi a karkace yake. Ni shaida ce, sau nawa muna isowa gida ni da ƙanena muna musu, ni nace kafin abinci ya ce shi bayan abinci ya ji, ƙarshe mu yi canke. Sista ta sa kowa ya sayi ɗan littafi na aljihu, a rubuta tambayoyi tun daga gida, a rubuta amsa a gaban likita, a rubuta lambar awon jini da kwanan wata. Ɗan littafin nan yanzu ya fi mini katin asibiti daraja.

Sai dai sanin tambaya daban, iya buɗe baki daban, kuma nan ne na tabbatar babu bidiyon da zai maye gurbin nas. Akwai darasin wanke hannu, aka bamu labarin Ignaz Semmelweis, likitan da a 1847 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ya gano cewa likitoci ne ke ɗauko cuta a hannunsu suna sa wa masu haihuwa, ya sa aka riƙa wanke hannu da ruwan kilorin mace-macen suka faɗi warwas, amma abokan aikinsa da yawa suka ƙi shi. Bidiyon ya ƙare da cewa kana da haƙƙin tambayar ma'aikaci ko ya wanke hannu. Ran Asabar wani dattijo a ajin ya ce Sista ki yi haƙuri, in likita ɗan'uwansu ma basu saurare shi ba, ni wa zai saurara? In na faɗi haka a tsane ni a tsani matata da ke kwance, wa gari ya waya? Kowa ya yi tsit don abin da ke ran kowa kenan. Ita kuwa ta yi dariya tace Baba gaskiyarka, ni kaina in an faɗa mini da gatsali raina zai ɓaci, mu ma mutane ne, wani lokacin tun jiya muke tsaye. Sai ta koya mana yadda ake faɗa ba tare da an ci fuskar kowa ba, ka ɗora abin a kan tsoronka ba a kan laifinsa ba, Sista dan Allah ki yi haƙuri, ciwon nan nata tsoro yake bani kar ya kama ruwa, ko in miƙo miki abin wanke hannun? Ta sa muka gwada da juna a nan take, wani ya zama nas mai fushi wani ya zama mai jinya, muna ta dariya amma wallahi ya zauna. Ta kuma gaya mana abubuwan da sai na ciki ya sani, cewa lokacin miƙa aiki tsakanin masu tashi da masu karɓa ba lokacin tsayar da nas da dogon bayani bane, cewa in zaka kai ƙorafi ka faɗi abin da ka gani da lokacin da ka gani, tun ƙarfe biyu bata yi fitsari ba, numfashinta ya ƙaru, ta daina gane ni, maimakon jikin dai ba daɗi. Tace irin wannan maganar ita ke sa ma'aikaci ya ajiye abin da yake yi ya taso.

Kuma maganar sauraron dangi ba ƙaramar magana bace. A Ingila wata yarinya Martha Mills 'yar shekara 13 ta rasu a 2021, ta faɗo daga keke ta ji rauni a ciki, tana kwance a asibiti ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, iyayenta suna ta cewa yarinyar nan jikinta ƙara lalacewa yake ba a ɗauki maganarsu da nauyi ba, daga baya binciken da aka yi ya ce da an mayar da ita sashen kulawa ta musamman da wuri da wataƙila ta rayu. Saboda ita, daga 2024 asibitocin gwamnati a can suka fara wani tsari da ke ba majinyaci ko danginsa damar kiran wata tawaga daban ta zo ta sake dubawa cikin gaggawa, dare ko rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda ya kwana a gefen gado yana ganin canjin da mai zagayen safe ba zai gani a minti uku ba, matsalar dai ba a koya masa yadda zai faɗe shi ba.

To me zai hana a zuba bidiyoyin a intanet kawai kowa ya kalla, a huta da biyan nas? Ai an gwada, a fannoni da yawa. Da aka duba darussan kyauta na onlayin da jami'o'in Harvard da MIT na Amurka suke bayarwa, a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 ne suka kai ƙarshe. Waɗannan fa masu sha'awar karatu ne da suka yi rajista da kansu, ina ga mai jinya da bai yi barci ba. Ni kaina a sati na huɗu na ɓace, Umma ta yi zazzaɓi aiki ya yi mini yawa, abin da ya dawo da ni saƙo ne na layi ɗaya, Hajiya kwana biyu shiru, ya jikin Umma? Kunyar wannan saƙon ce ta sa na buɗe darasin a daren. Ga kuma ɗaya matsalar, wayar da ke kawo darasin ita ce dai ke kawo mai cewa ya warkar da suga cikin kwana bakwai a zubar da maganin asibiti, kuma nasa bidiyon ya fi daɗin kallo. Kusan duk Asabar sai wani ya turo irin wannan ya ce Sista wannan fa? Bata zagin kowa, sai tace mu bi shi tare, wa ya faɗa, me yake sayarwa, ya ce a daina maganin likita ko bai ce ba. A hankali muka koyi yi da kanmu.

Yanzu bari in faɗi inda nake da tsoro, don kar a ce na zo talla. Na farko su nas ɗin nan ina suke? Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce ma'aikatan jinya a duniya miliyan 27.9 ne, kuma akwai giɓin miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashen da suka fi buƙata. In za a ɗauki wadda ta kwana tana aiki a ce ta dawo gida ta riƙa amsa saƙon mutum ɗari kyauta don ana so a rubuta a rahoto cewa an wayar da kan jama'a, to wannan kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ne, kuma wata uku ba zata yi ba zata gudu. A sa shi cikin lokacin aikinta, a biya ta, a ƙayyade mata yawan mutane, a kuma bata likita da mai haɗa magani da zata tura musu abin da ya fi ƙarfinta. Akwai waɗanda suka yi ritaya da ƙwarewarsu zaune a gida, akwai waɗanda ciwon baya ya hana su tsayuwar ɗakin marasa lafiya, wannan aiki ne da za su iya daga kan kujera.

Sannan ba kowa ke kan intanet ba, a 2023 ƙiyasin hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce kusan mutum biliyan 2.6 basu hawa kwata-kwata, kuma tsofaffi da marasa karatu da suka fi kowa zuwa asibiti su suka fi yawa a ciki. Umma bata taɓa buɗe darasin nan ba, ni nake sa mata saƙon muryar muna ji tare, shi yasa nake ganin murya ta fi rubutu, kuma a yi shi da harshen da mutum yake mafarki da shi, ba fassarar da sai an sake fassara ta ba. Sai maganar sirri, a satin farko wata baiwar Allah ta turo hoton sakamakon gwajin mijinta cikin guruf da sunansa da komai, kafin a goge mutum nawa suka gani. Dole a kafa doka tun ranar farko. Kuma dan Allah kar asibiti ya shirya irin wannan aji don ya koya wa mutane yabon kansa, a ƙare da tambayar kun gamsu? Gamsuwa ba ita ce inganci ba, wani bincike a Amurka a 2012 ya samu cewa majinyatan da suka fi cewa sun gamsu sun fi kashe kuɗi a magani kuma mace-mace sun ɗan fi yawa a cikinsu. Bai nuna gamsuwar ce ta kashe su ba, amma ni da na yi fushi da likitan da ya hana mu ƙarin magani na gane inda zancen ya dosa.

Akwai kuma ƙaramin sani ƙuƙumi. Wani matashi a ajinmu tun sati na uku ya fara zuwa asibiti yana yi wa likitoci jarrabawa, yana ɗaukarsu a waya a ɓoye, ya dawo yana bamu labari da alfahari. Sista ta taka masa birki a gaban kowa, tace sati shida bai mayar da kai likita ba, an koya maka ka zama ido na biyu ne, wanda zai ce an manta kaza, ba alƙali ba. Na ji daɗin wannan. Amma ta ɗaya gefen ma ina jin tsoron ranar da za a juya abin a kanmu, a yi kuskure a ce ai laifinku ne da baku tambaya ba, ba an koya muku ba? A'a. Duba magungunan da majinyaci yake sha kafin a rubuta masa sabo aikin mai rubutawa ne, ko na iya karatu ko ban iya ba. Wanda ya zo a sume shi kaɗai babu mai jinya shi ma yana da haƙƙin a yi masa daidai.

Roƙona gare ku Malam Edita, tunda kuna da shafi a intanet kuma mutane sun yarda da ku, ku nemi ƙungiyoyin ma'aikatan jinya da makarantunsu ku haɗa hannu, ko da darasi ɗaya ne a sati, gajere, da murya, sannan nas mai lasisi ta zauna awa ɗaya ta amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan darasin, ba duba marasa lafiya ta waya ba, koyar da yadda ake tambaya da abin da ake dubawa. Ku fara da jera kwalayen magani a tebur, wannan kaɗai na tabbata zai tono abubuwa a gidaje da yawa. Ranar 17 ga Satumba ce ranar kare lafiyar majinyata ta duniya tun 2019, in kuna neman ranar farawa ga ta nan.

Mu dai ranar Alhamis muke da komawa asibiti. An duba ƙafar Umma a zuwan da ya wuce bayan na tambaya, an ce lafiya lau sai ɗan yatsa ɗaya da bata ji sosai, an bamu takardar zuwa duba ido. Gwajin ƙoda ne har yanzu ba a yi ba, sau biyu ina mantawa sai mun fito, shi na rubuta a saman shafi wannan karon na ja masa layi biyu.

Na gode da bani fili, a gaida ma'aikata.

Taku,
Wata mai jinyar mahaifiyarta